Darasi na Bakwai: Zaɓen Irin Masara da Nomanta a Ƙasar Bagudo

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son mai karatu ya iya:

1. bambance masarar hatsi da ɗanyar masara da masara mai zaƙi;
2. zaɓen irin da ya dace da gonarsa da tsawon daminarsa da ƙarfin aljihunsa;
3. gane iri mai aure da marar aure, da sanin wanda ake ajiyewa don baɗi;
4. gwada iri kafin shuka, da shuka shi bisa ƙa'ida.

Gabatarwa

Ƙaramar hukumar Bagudo tana kudu maso yammacin Jihar Kebbi, a kan iyaka da Jamhuriyar Benin. Kogin Kwara ya ratsa ta, ya bar mata fadamu masu laka, ga kuma tudu mai faɗi ta wajen Ka'oje da Tsamiya. Ruwan sama a nan ya fi na arewacin jihar yawa, shi ya sa masara ta samu wurin zama tare da shinkafa da dawa da gero da wake.

Asalin masara ƙasar Meziko ce, inda aka fara nomanta shekaru wajen 9,000 da suka wuce, ta iso Afirka ta Yamma a ƙarni na 16. Yau ta zama tuwo da kunu da koko a gidajenmu, dusarta da karanta abincin dabbobi ne, masu kiwon kaji kuma ba su da abin da ya fi ta. Duk da haka, abin da yawancin manoman Najeriya ke samu a hekta ɗaya bai wuce wajen tan 2 ba, wato buhu 20 masu kilo 100, alhali ingantaccen iri da aka kula da shi yana iya ba da ninkin wannan. Babban dalilin giɓin yana farawa ne tun ranar da aka zaɓi abin da za a binne a ƙasa. Ba kowace masara ce iri ba, kuma ba kowane iri ne ya dace da kowace gona ba. Wannan shi ne jigon darasinmu.

1. Wace masara kake son nomawa?

Kafin manomi ya tambayi sunan iri, ya fara tambayar kansa: me zan yi da masarar?

*Masarar hatsi* ita ce ake bari ta bushe a kan kara, a karye ta, a ɓare, a zuba a buhu ko rumbu. Fara ita ce aka fi so don tuwo. Ja ko rawaya kuwa masu haɗa abincin kaji sun fi nemanta.

*Ɗanyar masara* ita ce ake gasawa ko a dafa a tasha da bakin kasuwa. Mafi yawan wadda muke ci a ƙasarmu masarar hatsi ce aka karya tun tana da ruwa a jiki, kamar mako uku bayan fitar gemu. Rawaya mai saurin nuna ta fi karɓuwa wajen masu gashi.

*Masara mai zaƙi* kuwa iri ne na daban. Halittarta ce ta hana zaƙin da ke cikin ƙwaya juyewa ya zama gari da wuri. Idan ta bushe sai ƙwayar ta yamutse ta rage nauyi, don haka ba ta tuwo, ba ta ajiya. Ita ce ake gani cikin gwangwani da manyan kantuna da otal-otal na birane. Wanda zai noma ta sai ya san mai saye tun kafin ya shuka, domin a zafi irin namu tana iya rasa rabin zaƙinta cikin kwana ɗaya bayan an karya ta. Manomin da ke Illo ko Lolo, nesa da babban birni, ya fi samun kwanciyar hankali da rawaya mai saurin nuna, sai fa idan ya riga ya ƙulla ciniki da mai ɗauka.

2. Lissafin kwanakin damina

Masana sun kasa irin masara gida huɗu bisa kwanakin da yake ɗauka daga shuka zuwa nuna:

- mai matuƙar sauri: kwana 80 zuwa 85;
- mai sauri: kwana 90 zuwa 95;
- matsakaici: kwana 105 zuwa 110;
- mai jinkiri: kwana 115 zuwa 120 ko fiye.

Mai jinkiri ya fi yawan amfani idan ruwa ya kai shi. Idan ruwa ya ɗauke yana tsakiyar aiki, shi ne ya fi kowa asara. Lokacin da masara ta fi buƙatar ruwa shi ne mako biyu kafin fitar gemu da mako biyu bayansa. Farin da ya faɗa a wannan tsakani yakan bar goyo da gurabe babu ƙwaya.

A yankin Bagudo ruwa yakan zauna a watan Yuni, ya ja baya daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Mu yi lissafi. Wanda ya shuka iri mai kwana 110 ranar 10 ga Yuni, masararsa za ta nuna wajen 28 ga Satumba, ruwa ya kai shi. Wanda bai samu shuka ba sai 10 ga Yuli, idan ya sa iri mai kwana 120, sai 7 ga Nuwamba za ta nuna, alhali ƙasa ta daɗe da bushewa. Da ya sa mai kwana 85, da 3 ga Oktoba ya gama. Ƙa'idar ke nan: wanda ya yi sammako yana iya sa matsakaici, wanda ya makara ya nemi mai sauri.

Manomin bakin kogi yana da wani lissafin. Masara ba ta jure kwanciyar ruwa a gindinta ko na 'yan kwanaki, kuma Kwara yakan cika a Agusta da Satumba. Mutanen Kebbi ba su manta da ambaliyar 2020 ba. Gonar da ruwa ke shiga a bar wa shinkafa, ko a sa mata iri mai matuƙar sauri tun farkon damina, ko kuma a jira rani a yi ban-ruwa.

3. Iri mai aure da marar aure

Masara tana da fure biyu a kara ɗaya. Na saman kara shi ke sakin ƙura, gemun goyo shi ke karɓa, kuma kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake haifarwa. Iska ce ke ɗaukar ƙurar daga kara zuwa kara, har daga gona zuwa gona. Shi ya sa mai farar masara yakan ga ƙwayoyi rawaya a goyonsa idan maƙwabcinsa ya shuka rawaya.

*Iri marar aure* shi ne wanda masarar ke barbarar junanta a fili. Yana da sauƙin kuɗi, yana haƙuri da ƙarancin taki, kuma manomi yana iya ajiye iri daga gonarsa har shekara biyu ko uku kafin ya sabunta.

*Iri mai aure* kuwa kamfani ne ke haɗa uwa da uba da aka zaɓa, ya sayar da 'ya'yan farko. Yana tashi kai ɗaya, goyonsa manya, amfaninsa ya fi yawa, amma yana son taki sosai da noma a kan lokaci. Idan aka sake shuka abin da aka girbe daga gare shi, sai gona ta fito dogo da gajere, amfani ya ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Saboda haka kowace shekara sai an sayi sabo.

Wanda ba zai iya sayen isasshen taki ba, marar aure mai inganci ya fi masa alheri. Wanda ke da gona mai ƙarfi da kuɗin taki, mai aure zai biya shi wahalarsa. Babu abin kunya ga kowane zaɓi, abin da ake gudu shi ne mutum ya sayi iri mai tsada ya bar shi da yunwa.

4. Wasu ire-iren da ya kamata a sani

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ita ke fitar da ire-iren da sunansu ya fara da SAMMAZ. Tana aiki tare da cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967. Ga kaɗan daga cikinsu, da wasu na kamfani:

- SAMMAZ 15: fara, matsakaiciya, marar aure, tana jure ciyawar wuta-wuta.
- SAMMAZ 27: fara, mai sauri, tana jure fari da wuta-wuta.
- SAMMAZ 28: rawaya, mai matuƙar sauri, ta dace da ɗanyar masara.
- SAMMAZ 29: fara, mai matuƙar sauri, ta dace da wanda ya makara.
- SAMMAZ 14: fara, mai ingantaccen sinadarin gina jiki, tana da amfani ga kunun yara.
- SAMMAZ 52: mai launin ruwan lemo, tana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido da garkuwar jiki.
- Oba Super 1 (fara) da Oba Super 2 (rawaya): masu aure ne, na kamfanin Premier Seed da ke Zariya.

A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta amince da masarar TELA, wato SAMMAZ 72T zuwa 75T. Masu aure ne da aka yi wa gyaran ƙwayoyin halitta don su kare kansu daga tsutsa. Hukumomi sun ba da izinin nomansu, wasu jama'a kuma suna da ja a kansu. Haƙƙin manomi ne a gaya masa gaskiyar abin da ake sayar masa, sannan ya zaɓa da saninsa.

Kada manomi ya cika gonarsa da irin da bai taɓa gani ba. Ya fara da 'yan kunyoyi a gefen wanda ya saba, ya ba su kulawa ɗaya, da kaka ya auna. Malaman gona na hukumar KARDA ta Jihar Kebbi suna iya ba da shawara kan wanda ya fi karɓar yankinsa.

5. Sayen iri a kasuwar kan iyaka

Mutanen Bagudo da na Segbana da Malanbil a Benin dangin juna ne, suna cin kasuwannin juna, iri ma yana ƙetarawa. Wannan yana da amfani, domin ƙasa da ruwan sama kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Wani lokaci ma iri ɗaya ne da suna biyu: wanda aka fitar a Gana a 1992 da sunan Obatanpa, shi ne SAMMAZ 14 a Najeriya, shi ne Faaba a Benin. Tun 2008 ƙungiyar ECOWAS ta yi dokar da ta daidaita ƙa'idojin iri tsakanin ƙasashenta.

Sai dai inda ciniki ya yi yawa, algus ma yakan samu ƙofa. Akwai masu rina masarar hatsi da jan launi su ƙulla a leda su ce iri ne. Araha ba ta ado. Ga abin da za a duba:

1. Jaka ta kasance a rufe, ba a farke an sake ɗinkewa ba.
2. A ga sunan iri, sunan kamfani, da ranar da aka gwada shi.
3. A Najeriya, a nemi tambarin Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa, wato NASC. Jakunkuna da yawa suna da wurin kankarewa mai lamba, a aika lambar ta wayar hannu a samu amsa ko irin na gaskiya ne.
4. Idan rubutun jakar da Faransanci ne, a nemi wanda ya iya ya karanta, musamman kwanakin nuna.
5. A karɓi rasit, a kuma adana jakar har kaka.

Masarar da ake aunawa da mudu a kasuwar hatsi abinci ce. Ba a san uwarta ba, ba a san kwanakinta ba, ba a san maganin da aka zuba mata ba.

6. Gwajin tsiro

Mako biyu kafin shuka, a ɗebo ƙwaya 100 daga sama da tsakiya da ƙasan jaka ba tare da zaɓe ba. A jera su a kan jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana bakwai a ƙirga waɗanda suka tsiro da ƙarfi. Idan sun kai 85 ko fiye, iri ya yi. Idan tsakanin 70 da 84 ne, a ƙara yawan ƙwaya a rami. Idan ba su kai 70 ba, a nemi wani. Wannan ɗan aiki yana ceton manomi daga sake shuka bayan damina ta yi nisa.

7. Shuka da kulawa

A jira ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, kada a ruɗu da ruwan farko. Tsakanin kunya da kunya a bar santimita 75. A kan kunya a bar santimita 25 da tsiro ɗaya, ko santimita 50 da tsiro biyu. Ko wanne aka bi, hekta za ta ɗauki tsiro wajen 53,000, da iri kilo 20 zuwa 25. Zurfin rami santimita 3 zuwa 5. Irin kamfani yakan zo da magani a jikinsa, don haka ba a ci, ba a ba dabba, kuma a wanke hannu bayan shuka.

Masara mai cin taki ce. Cikakken ma'auni ga hekta ɗaya shi ne buhu 8 na kamfa 15-15-15 cikin kwana goma na farko, sai buhu 2 zuwa 3 na yuriya a mako na huɗu zuwa na biyar. A tona ɗan rami nesa da gindi kamar faɗin tafin hannu, a zuba, a rufe. Takin da aka watsa a sama rana da ruwa ne ke cinye shi. Wanda takinsa bai kai ba, gara ya rage faɗin gonar ya ciyar da ita sosai. Takin gargajiya, wanda makiyayan yankin nan ba su rasa shi, yana riƙe danshi yana kuma rage wuta-wuta.

A yi noman firi a mako na biyu zuwa na uku, maimai a mako na biyar zuwa na shida, sannan a yi huɗa don kada iska ta kwantar da kara.

8. Manyan abokan gaba biyu

*Wuta-wuta*, wadda wasu ke kira ƙuduji, tana maƙale wa saiwar masara tana tsotse ta tun kafin ta fito fili. Tsiro ɗaya yana zubar da dubban 'ya'ya, kuma suna iya zama a ƙasa fiye da shekara goma. Maganinta haɗin gwiwa ne: iri mai jurewa, isasshen taki, tuge ta kafin ta yi fure, da juya shuka da waken suya ko gyaɗa ko auduga, waɗanda ke sa 'ya'yanta su tsiro su mutu don ba su samu abin kamawa ba.

*Tsutsar masara* mai shiga cikin kunnen tsiro daga nahiyar Amurka ta zo. A farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka, kuma Najeriya da Benin suna cikin ƙasashen farko. A riƙa zagaya gona sau biyu a mako tun tsiro yana ƙarami, a duba ganye masu huji da kashin tsutsa mai kama da dusa. Feshi ya fi ci da sassafe ko da yamma, tun tsutsar tana ƙarama, kuma a nufi cikin kunnen. Maganin da aka yi don auduga, wanda ke yawo a kasuwannin iyaka, ba na abinci ba ne. Ɗanyar masara kuwa, a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi na ƙarshe da karya.

9. Ɗanyar masara da mai zaƙi a noman rani

A fadamun Kwara, masarar ban-ruwa tana kawo kuɗi a lokacin da babu ta a kasuwa. A tsara shuka yadda fitar gemu ba za ta faɗa cikin tsananin zafin Maris da Afrilu ba, domin zafi mai yawa yana kashe ƙurar fure. A raba gonar kashi-kashi, a riƙa shuka kowane mako biyu, don kada duka ta nuna rana ɗaya farashi ya faɗi.

Mai zaƙi tana da ƙarin sharuɗɗa. Ƙwayarta ba ta da ƙarfin tsiro, don haka ba a zurfafa ta, santimita 2 zuwa 3 ya isa. A nisanta ta da sauran masara da mita 200 ko fiye, ko a bambanta ranar shuka da mako uku, in ba haka ba ƙurar maƙwabta za ta kashe mata zaƙi. A shuka ta kunyoyi da yawa gefe da gefe, ba dogon layi ɗaya ba, don ƙura ta wadaci kowane goyo. Idan gemu ya bushe, aka latsa ƙwaya da farce ta fitar da ruwa fari kamar madara, lokacin karya ya yi. A karya da asuba, a bar ta cikin ɓawonta a inuwa, ta isa hannun mai saye a ranar.

10. Ajiye iri don baɗi

Wannan na marar aure ne kaɗai. A zaɓi iri tun masara tana tsaye, daga tsakiyar gona inda ƙurar maƙwabta ba ta cika kaiwa ba. A ɗaura alama a kan kara masu lafiya, waɗanda ba su kwanta ba, masu goyon da ɓawo ya rufe har baki. A tara goyo 200 ko fiye, domin irin da aka ɗebo daga goyo kaɗan yakan raunana. A ɗauki ƙwayoyin tsakiyar totuwa, a shanya a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba, don gudun fumfuna mai sa guba.

Don sanin ko ta bushe, a zuba ƙwayoyi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a girgiza, a bari na ɗan lokaci. Idan gishiri ya manne a jikin kwalba, da saura. Idan ta bushe, a zuba a jarka mai murfi ko buhun PICS mai leda biyu a ciki, a rubuta sunan iri da shekara, a ajiye a wuri mai sanyi. A gidaje da yawa mata ne ke riƙe da wannan amana, saboda haka su ma su san sunan irin da kwanakinsa.

Taƙaitawa

Zaɓen iri yana bin tambayoyi huɗu: me zan yi da masarar, kwana nawa na ruwa suka rage mini, wace matsala ce a gonata, kuma taki nawa zan iya saye? Wanda ya amsa su, ya sayi iri mai tambari, ya gwada shi kafin shuka, ya kama hanyar cika rumbunsa da yardar Allah.

Tambayoyi

1. Kawo bambanci biyu tsakanin ɗanyar masara da masara mai zaƙi.
2. Me ya sa ba a sake shuka abin da aka girbe daga iri mai aure?
3. Manomi ya shuka iri mai kwana 95 ranar 20 ga Yuni. A wace rana masararsa za ta nuna?
4. Idan hekta ɗaya tana cin iri kilo 20 da kamfa buhu 8, nawa rabin hekta za ta ci?
5. Faɗi abubuwa uku da za ka duba a jikin jakar iri kafin ka biya kuɗi.
6. Ta waɗanne hanyoyi ake rage wuta-wuta a gona?

Aikin yi

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya kawo masara iri biyu, ɗaya daga rumbun gida ko kasuwar hatsi, ɗaya daga jakar kamfani. Ku yi gwajin ƙwaya 100 ga kowanne, ku rubuta sakamakon a littafinku bayan kwana bakwai. Sannan kowa ya rubuta sunan gonarsa, tudu ce ko fadama, ranar da ya saba shuka, da irin da yake ganin ya dace da ita, tare da dalilinsa. Za a karanta amsoshin a aji a darasi na gaba.